Sukarin Kofi da Gulukos na Jini

A rubuce-rubucen kiwon lafiya da ake yi da Hausa, ko a jarida ko a Facebook ko a saƙonnin da ake turawa ta WhatsApp, kalma ɗaya ce take ɗauke da kayan mutum uku. Sukari shi ne abin da mai shayi yake zubawa a kofi, sukari shi ne abin da na'ura take aunawa a ɗigon jinin da aka tsaga daga yatsa, sannan sukari shi ne sunan cutar da take kai mutum asibiti. A baki kuma sai ka ji an ce suga ko siga: sugana ya hau, an auna mata siga, wane yana da suga. A hira wannan ba ya damun kowa, domin mai magana da mai sauraro suna ganin juna, kuma idan an kasa fahimta sai a tambaya. A rubutu kuwa, inda mai karatu yake shi kaɗai da wayarsa, kuma mai yiwuwa da abin da ya karanta zai yanke shawarar abin da zai ci da daddare, ina ganin ya dace mu raba waɗannan abubuwa, mu riƙa kiran abin da yake yawo a jini da sunansa, wato gulukos.

Sukarin da muke saya a kanti daga rake ake tace shi, kuma masana kimiyyar sinadarai suna kiransa sukuros. Kowace ƙwayarsa haɗin abu biyu ce da suke manne da juna, gulukos da furuktos. Idan mutum ya sha shi, ba ya shiga jini yadda yake. Sai ƙaramin hanji ya raba shi biyu tukuna, sannan mafi yawan furuktos ɗin ya wuce hanta ta sarrafa shi, gulukos ɗin kuma ya bi jini. Na'urar da masu ciwon sukari suke ajiyewa a gida gulukos kaɗai aka yi ta don ta gane. Saboda haka idan aka rubuta cewa an auna sukarin jinin mutum, an faɗi abin da kowa ya saba ji, amma an bar ƙofa a buɗe ga mai karatu ya ɗauka cewa farin sukarin da ya sha ne yake yawo a jijiyoyinsa, kuma cewa in bai sha ba, babu ta inda zai shiga.

Nan ne ɓarnar take, domin mafi yawan gulukos ɗin da yake shiga jinin Bahaushe ba daga kofin shayi yake fitowa ba. Daga akushi yake fitowa. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da rogo da doya da dankali duk cike suke da sitaci, shi kuwa sitaci kamar carbi yake, ƙwaya bayan ƙwaya a jere a zare ɗaya, kuma kowace ƙwaya gulukos ce. Tun daga baki miyau yake fara tsinka zaren, abin da ya sa wanda ya daɗe yana tauna burodi ba tare da ya haɗiye ba yake jin ɗan zaƙi yana fitowa, sannan hanji ya ƙarasa aikin. Malmalar tuwon shinkafa da ba ta da zaƙi ko kaɗan a harshe tana iya zuba wa jini gulukos fiye da cokali da yawa na sukari. A shekarar 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka fito da ma'aunin da yake jera abinci bisa saurin da suke ɗaga gulukos a jini, inda aka ba tsantsar gulukos maki 100. A teburan da ake amfani da su, dafaffiyar farar shinkafa da farin burodi sukan wuce 70, alhali sukarin kanti yana wajen 65, saboda rabinsa furuktos ne. Wannan ba izini ba ne na a koma shan sukari, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu a rana, kimanin giram 50 ke nan ga baligi. Abin da ma'aunin yake nunawa shi ne harshe ba alƙali ba ne a wannan shari'a.

Kowa ya san dattijon da likita ya gaya masa yana da ciwon sukari, ya bar shayi mai sukari, ya bar lemon kwalba, ya bar alewa, amma ya ci gaba da cin tuwo malmala uku da daddare da kunu kofi biyu da safe, sannan ya koma asibiti yana mamakin yadda awo bai sauka ba, yana rantsuwa cewa sukari bai taɓa bakinsa ba tun ranar da aka hana shi. Gaskiya yake faɗa. An ce masa cutarsa ta sukari ce, ya bar sukari. Da tun farko an ce masa gulukos ne ya yi yawa a jininsa, da tambayar da za ta biyo baya ita ce mene ne gulukos kuma daga ina yake zuwa, kuma amsar wannan tambaya ita ce rabin abin da yake bukatar ya sani. Hausawa suna cewa suna linzami ne, kuma wannan sunan yana jan mutane zuwa ga gwangwanin sukari kaɗai, ya bar tukunyar tuwo a bayansu.

Haka batun acca da alkama yake. An daɗe ana gaya wa masu wannan ciwo su koma tuwon alkama ko faten acca, har wasu suka ɗauka cewa waɗannan ba su da sukari, don haka ana iya ci har a ƙoshi a ƙara. Dukansu hatsi ne, dukansu sitaci ne, kuma dukansu gulukos suke komawa. Hatsin da ba a surfe shi tas ba, wanda yake da dusarsa, yakan narke a hankali, kuma cin sa tare da wake da miyar ganye da nama ko kifi yana rage saurin hawan, amma yawan abin da aka zuba a kwano shi ne kan gaba. Zuma ma haka take. Muna girmama ta, kuma tana da matsayinta a addini da al'ada, sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta gulukos ne tsantsa wanda ba ya jiran a narkar da shi, wani kason da ya ɗan fi wannan kuma furuktos ne. Wanda ya cire sukari daga shayinsa ya zuba zuma cokali uku bai tsere wa komai ba. Dabino busasshe kuwa fiye da rabin nauyinsa gulukos da furuktos da sukuros ne. Marubucin da yake da kalmar sukari kaɗai a hannunsa zai sha wahalar bayyana wannan, domin zai ce zuma tana da sukari, mai karatu kuma ya ce tasa daga amya aka ɗebo ta, babu wanda ya haɗa ta da sukari.

Akwai kuma wani tunani da nake ganin daga wannan sunan ya samo tushe, wato cewa tunda cutar ta zaƙi ce, maganinta ɗaci ne. Shi ya sa ake dafa ganyen darbejiya, ake matse shuwaka, ake neman garahuni, kuma iya ɗacin abu iya yardar da ake yi da shi. Ɗaci da zaƙi a harshe suke karo da juna. A jini babu ɗanɗano, abin da yake akwai shi ne insulin, sinadarin da fankiriyas, wata gaɓa da take kwance a bayan tumbi, take fitarwa domin gulukos ya samu shiga tsoka da kitse, hanta kuma ta daina zuba nata. Ciwon yana zuwa ne idan fankiriyas ta daina yin insulin gaba ɗaya, ko kuma jiki ya daina jin maganarsa ita kuma ta gaza yin wanda zai isa. Ko wani ganye yana da tasiri a kan wannan ko ba shi da shi, awo ne zai nuna, kuma ɗacinsa ba hujja ba ce.

Tarihin yadda aka gano abin ma yana nuna cewa masana sun daɗe a inda muke kafin su wuce. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura cewa tururuwa tana taruwa a kan fitsarin wasu marasa lafiya, suka kira cutar da sunan da yake nufin fitsarin zuma, kuma wannan alama ce da tsofaffinmu ma suka sani. A 1776 Matthew Dobson, likita a birnin Liverpool na Ingila, ya ƙafar da fitsarin mai ciwon ya samu wani abu mai kama da sukari, ya kuma lura cewa ruwan jininsa ma yana da zaƙi. Sai a 1815 Bafaranshe Michel Chevreul ya nuna cewa abin ba irin na rake ba ne, irin wanda yake cikin inabi ne, kuma a 1838 Jean-Baptiste Dumas da abokan aikinsa suka raɗa masa sunan gulukos daga wata kalmar Girkanci ta ruwan inabi mai zaƙi. Bayan haka Claude Bernard ya gano abin da har yau yake ba mutane mamaki: ya samu gulukos a jinin karnukan da nama kaɗai aka ciyar da su, ya gane cewa hanta da kanta take fitar da shi, kuma a 1857 ya ware gilaikojin, sigar da hanta take adana gulukos a cikinta. Wannan ne ya sa mai ciwon sukari zai kwana bai ci komai ba tsawon awa goma, ya tashi da safe awonsa yana sama. Idan aka rubuta masa cewa sukarinsa ya hau, zai tambaya wane sukari, tunda barci yake yi. Idan aka ce hantarsa ta zuba gulukos cikin dare kuma insulin bai isa ya tsayar da ita ba, magana ta fito.

Batun tururuwa yana bukatar ɗan gyara tunda na ambace shi. Ƙoda ba ta barin gulukos ya fita a fitsari sai ya kai wajen 180 mg/dL a jini, wato miligiram 180 a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini, alhali ana tabbatar da ciwon tun daga 126 mg/dL ga wanda ya kwana bai ci ba. Mutum zai iya shekaru da cutar tururuwa ba ta taɓa kula fitsarinsa ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

Dalili na biyu da ya sa nake son kalmar ya fi na farko nauyi a wurina, domin ya shafi rai kai tsaye. Mun mai da sukari abokin gaba, har ya zama mai ciwon yana jin tsoronsa ko a lokacin da shi ne zai cece shi. Gulukos kuwa abu ne da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Duk jinin baligi, kimanin lita biyar, gulukos ɗin da yake cikinsa a lokaci ɗaya bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba, cikin ƙaramin cokali ke nan, amma ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin wajen giram 120 a rana, kuma ba ta da wurin ajiya. Idan ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan wasu ƙwayoyin da suke tilasta wa fankiriyas ta fitar da shi, sai gumi ya keto, jiki ya ɗauki rawa, zuciya ta riƙa bugawa, magana ta rikice, in ba a yi sauri ba a suma. A gidajenmu irin wannan yanayi sau da yawa akan ɗauka iska ce ko hawan jini, kuma ko an gane, sai wani ya ce kada a ba shi sukari, ai mai suga ne. Abin da ake koyarwa shi ne a ba shi kimanin giram 15 na abin da yake saurin shiga jini, kamar ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, a jira minti 15 a sake awo, in bai hau ba a ƙara. Wanda ya riga ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake garzayawa da shi. Jimlar da take cewa gulukos ɗin jininsa ya faɗi, a ba shi sukari, tana da ma'ana sarai, domin ta ambaci abin da ya ragu da abin da zai mayar da shi da sunaye biyu. Jimlar da take cewa mai ciwon sukari ya sha sukari kuwa tana kama da ganganci a kunnen wanda bai sani ba.

Wannan ya shafi azumi ma. Jagororin da likitoci suka tsara tare da shawarar malamai domin masu ciwon sukari a watan Ramadan sun ce mutum ya karya azumi idan awonsa ya sauka ƙasa da 70 mg/dL ko ya haura 300 mg/dL, kuma tsaga yatsa domin awo ba ya karya azumi. Ya shafi yaran da ba su da ciwon sukari ko kaɗan, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana faɗar da gulukos, maganin kwinin ma yana ƙara faɗar da shi, shi ya sa ake auna yaron da aka kawo a sume. Uwar da aka ce mata an auna sugan ɗanta tana iya fita daga asibiti da fargabar cewa ɗan nata ya kamu da ciwon sukari, alhali ƙarancin gulukos ake nema a jikinsa. Ya kuma shafi ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, wanda amfaninsa ya dogara da abin da masanin kimiyya Robert Crane ya bayyana a 1960, cewa hanji yana jan gishiri da gulukos tare, ruwa kuma ya bi su. Garin da ake rabawa a ƙananan ledoji yana da giram 13.5 na gulukos a kowace lita, kuma an ƙayyade shi haka ne da gangan, domin in ya yi yawa sai ya jawo ruwa cikin hanji gudawar ta ƙaru.

Mai rubuta gulukos ya kamata ya rubuta ma'auninsa tare da shi, domin lamba tsirara tana iya rikita mutum fiye da kalma. Iyakar da ake tabbatar da ciwon ga wanda ya kwana bai ci ba ita ce 126 mg/dL, wadda take daidai da 7.0 mmol/L, kuma daidai take da 1.26 g/L. Na'urorin gida da yawa da na farko suke nunawa, ɗakunan gwaji na manyan asibitocin Najeriya sukan yi amfani da na biyu, ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma, irin su Nijar, an saba ganin na uku a takardunsu. Mutumin da yake da dangi a Maraɗi da Katsina zai iya riƙe takardu biyu, ɗaya ta ce 1.8 ɗaya ta ce 10, na'urarsa ta gida kuma ta ce 180, kuma duk abu ɗaya suke faɗa. Domin komawa daga mg/dL zuwa mmol/L ana rabawa da 18. Haka kuma a faɗi lokacin da aka yi awon, domin 150 mg/dL awa biyu bayan cin abinci da 150 mg/dL da sassafe kafin karin kumallo ba hukunci ɗaya suke ɗauka ba. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda yake duba yawan gulukos ɗin da ya manne a jajayen ƙwayoyin jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, iyakarsa kuma kashi 6.5 cikin 100. Tunda lissafinsa ya dogara da cewa ƙwayar jini tana rayuwa wajen kwana 120, ba a dogara da shi ga mai cutar sikila, wanda ƙwayoyinsa suke mutuwa da wuri, kuma wannan ba ƙaramin abin lura ba ne a ƙasar Hausa.

Na san abin da za a ce. Za a ce kalmar baƙuwa ce, kuma tsohuwar da take sauraron rediyo a ƙauye ba ta san ta ba. Baƙuncin bai dame ni ba, domin sukari ma daga Larabci muka aro shi, suga da siga kuma daga Turanci, kuma duk sun zauna daram. Abin da ya fi ƙarfi a cikin sukar shi ne kalmar ta riga ta shigo Hausa da wata ma'ana ƙunƙuntacciya. Ga duk wanda ya yi makaranta a Najeriya, gulukos shi ne farin garin nan da malamin wasanni yake zuba wa 'yan gudu a tafin hannu su lashe ranar gasar gidaje, ga wasu kuma shi ne ruwan da ake ƙara wa mara lafiya a asibiti. Saboda haka mai karatu zai iya cewa shi bai taɓa lasar gulukos ba tun yana ɗan sakandare, mu koma inda muka baro. Amma ni a ganina wannan tsohuwar ma'ana tana taimakawa, domin garin da ake lasa da ruwan da ake ƙarawa da abin da yake jini duk abu ɗaya ne tak, ba kamar sukarin kanti ba wanda kama kawai yake yi da shi, kuma kama da wane ba wane ba ne. Mutane sun riga sun san gulukos a matsayin abin da yake ba da ƙarfi nan take, abin da ya rage shi ne jimla ɗaya da za ta gaya musu cewa tuwo ma can yake ƙarewa.

Ba ina kira a canza sunan cutar ba ne. Ciwon sukari suna ne da ya kafu, da shi ake neman bayani a intanet, da shi majinyaci yake gabatar da kansa a gaban likita, da shi ake taron ranar ciwon sukari ta duniya a 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Frederick Banting wanda shi da Charles Best suka fitar da insulin a 1921. Yadda nake yi a nawa rubutun shi ne in bar wa cutar sunanta, in bar wa abin kofi sunansa, sannan a karon farko da zan ambaci abin da ake aunawa in rubuta gulukos, in bi shi da bayani gajere cewa shi ne abin da hatsi da rogo da zuma da sukari suke komawa a cikin jiki, daga nan kuma in ci gaba da kiransa gulukos har ƙarshe ba tare da na koma ga suga ba. Rubutun kalmar kuwa na ga ana yi iri-iri, wasu da harafin s a ƙarshe, wasu da z, wasu kuma su bar ta yadda Turawa suke rubutawa. Na zaɓi gulukos ne saboda haka take fita a bakin Bahaushe, wanda ba ya haɗa baƙi biyu a farkon kalma sai ya sa wasali a tsakaninsu, kamar yadda ya yi wa burodi da fulawa da direba.